Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu haɗa yogot, askirim da kunun aya: a kan garin kauri da ake zubawa ba awo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa masu sana'a, iyayenmu mata da ke haɗawa a gida da matasa masu ƙananan masana'antu, muna gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara buɗi. Mu masu koyarwa ne da aiki a fannin kimiyyar abinci, kuma abin da ya sa muka rubuto shi ne farin garin nan da ake ƙullowa a leda, ba suna ba lamba, a miƙa wa mai saye a ce "na kauri ne, zuba cokali biyu." Garin kauri iri-iri ne. Kusan duk farare ne ko masu ruwan madara, ido ba ya bambance su, amma kowanne da zafin da yake narkewa a ciki, da tsamin da yake jurewa, da lokacin da ake zuba shi. Wanda ya gyara askirim zai iya tsinka yogot. Asarar da ake yi ta nan ba kaɗan ba ce, kuma wani lokaci ba a aljihun mai sana'a take tsayawa ba, har cikin yaron da ya sha take kaiwa.

Ayyuka uku waɗannan sinadarai suke yi. Akwai masu haɗa mai da ruwa, irin su lesitin, E322, da ake samu daga waken soya da kwanduwar ƙwai, da kuma E471 da ake yi daga kitse ko man itatuwa. Ƙwayar kowannensu gefe ɗaya yana son ruwa, ɗayan yana son mai, sai ta tsaya a fuskar ɗigon mai ta hana ɗigogin haɗewa su taso sama. Akwai masu kawo kauri, akwai kuma masu hana kaya rabuwa, kuma sau da yawa abu ɗaya ne yake yin waɗannan biyun, gwargwadon yawan da aka zuba. Su dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sukari, ban da jelatin wanda furotin ne. In sun jiƙa sai su miƙe, su sarƙe da juna, su riƙe ruwa ya kasa gudu, kamar dai yadda kuɓewa da karkashi suke kawo yauƙi a miya. Kowanne yana da lamba ta duniya da ake bugawa a jikin buhu, kuma wannan lambar ita ce abu na farko da za ku tambaya kafin kuɗi ya bar hannunku.

Mu fara da yogot, don nan aka fi yin ɓarna. Babban furotin ɗin madara shi ne kezin. A ɗanyar madara, inda ma'aunin tsami na pH yake wajen 6.7, ƙananan dunƙulen kezin duk suna ɗauke da cajin lantarki mai alamar ragi, don haka suna ture juna, madara ta zauna ruwa. Da ƙwayoyin yogot suka fara mai da sukarin madara tsami, cajin yana raguwa, har a kai pH 4.6 inda ya ƙare, dunƙulen su manne da juna su yi raga mai riƙe ruwa. Abin da ake cewa nono ya yi barci ke nan. In aka ƙara gangarawa ƙasa da 4.6, kezin ya juya zuwa caji mai alamar ƙari.

Daga nan za ku gane halin garin kaurin da ake kira CMC, wato E466, wanda shi ne aka fi sayar muku. Shi ma cajin ragi yake ɗauke da shi. Idan aka zuba shi cikin madara tun kafin ta yi tsami, shi da kezin ture juna suke yi, sai kezin ya tattaru gefe guda, ruwa ɗorawa-ɗorawa ya tsatso a saman gora. Mai sana'a ya ga haka ya ɗauka garin ne bai isa ba, gobe ya ninka, a garin neman ƙiba a samo rama. Lokacinsa bayan yogot ya nuna ne, a pH 4.0 zuwa 4.4, inda yake manne wa dunƙulen kezin ya lulluɓe su, su kasa curewa. Kuma akwai wani tarko a ɗaya ɓangaren: idan aka zuba ƙasa da kima, sarƙa ɗaya takan kamo dunƙule biyu ko uku ta ɗaure su wuri ɗaya, yogot ya yi tsaki-tsaki ya kwanta fiye da wanda ba a sa masa komai ba. Kimarsa giram 3 zuwa 4 ne a kowane kilo na yogot ɗin sha.

Ga yadda ake haɗa kilo 50. A dama madarar gari kilo 6 a ruwa lita 30, a dafa, a huce zuwa digiri 42 ko 43, a sa irin yogot, a rufe awa 4 zuwa 6 har pH ya sauka 4.4 ko ƙasa kaɗan. A gefe guda a auna CMC giram 175, a cakuɗa shi a bushe da kilo 1 daga cikin sukari kilo 4 da za a yi amfani da shi. Wannan cakuɗawa ba ta da makawa. In aka juye garin shi kaɗai cikin ruwa, bayansa yana jiƙa nan take ya yi danƙo ya rufe cikin, sai a sami gudaji masu santsi a waje, busassu a ciki, waɗanda ko an kwana ana juyawa ba su narkewa. Sukari yana raba ƙwayoyin garin, ruwa ya sami kowacce. A barbaɗa haɗin a hankali cikin ruwa lita 10 mai zafin digiri 70 zuwa 80 ana juyawa da ƙarfi, a ƙara sauran sukarin, a ci gaba da juyawa minti 20 zuwa 30 har a ɗaga ludayi a ga ruwan garai-garai ba ɗigon fari. A bar shi ya huce ƙasa da digiri 25, don in an juye shi da zafi kan yogot mai tsami furotin zai ƙanƙance ya yi yashi-yashi a harshe. Sannan a burge yogot ɗin ya yi laushi, a haɗa, a sake burgewa, a ɗura, a kai firiji ƙasa da digiri 5. Fektin mai lamba E440, irin da aka tanada don madara mai tsami, haka ake yi da shi kuma ya fi CMC daɗi a baki, sai dai ya fi tsada kuma ya fi son injin da ke markaɗa haɗin madara da matsi mai ƙarfi.

Wani abu game da CMC da muke roƙonku ku riƙe da hannu biyu. Akwai na abinci, wanda tsarkinsa ya kai kashi 99.5 cikin ɗari, akwai kuma na masana'antu da ake sa wa sabulun ruwa, fenti da rinin yadi, wanda ba a wanke shi daga gishiri da sauran ragowar sinadaran da aka yi shi da su ba. Sau da yawa shago ɗaya ke sayar da su, kuma da zarar an ƙulla a farar leda babu mai iya cewa ga wannan ga wancan. Na sabulu ya fi araha, shi ya sa yake saurin shiga tukunyar abinci. Ku nemi ganin buhun da idonku, ku karanta cewa na abinci ne, ku ga lambar rukunin da aka yi shi da ranar ƙarewarsa. Mai shagon da ya ƙi nuna buhu, ku bar masa kayansa.

Kafin duk wani gari, akwai matakin da ba ya cin ko sisi sai itace ko gas, kuma shi aka fi tsallakewa: dafa madara a digiri 85 na minti 30, ko digiri 90 zuwa 95 na minti 5. Wannan zafi yana warware ɗaya furotin ɗin madara, wanda yake narke a ruwanta, ya sa shi manne wa kezin, ragar da za ta kafu ta yi ƙarfi ta riƙe ruwa sosai. Mai dama madarar gari da ruwan ɗumi ya sa iri kai tsaye ya yi asara biyu: yogot ɗinsa zai tsatso ruwa, kuma bai kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan da kwanon ba.

Sitaci kuwa akasin CMC ne, tun kafin dahuwa ake dama shi cikin madara mai sanyi. Ƙwayoyinsa suna fara kumbura tsakanin digiri 60 da 75, kuma sai an kai 85 suke nuna, in ba haka ba a ji ɗanɗanon ɗanyen gari. Sitacin masara da na rogo na yau da kullum suna da rauni biyu. Tsami da bilanda suna farfasa ƙwayoyin da suka kumbura, kauri ya zube. Sannan in ya kwana biyu a firiji sarƙoƙinsa suna komawa su rungumi juna su matso ruwan da suka sha, shi ya sa yogot ɗin sitaci yake kyau ranar farko, rana ta uku a ga ruwa kwance a sama. Sitacin da aka sarrafa, E1422 da E1442, an ɗaure sarƙoƙinsa don ya jure tsami da sanyi, kuma giram 10 zuwa 20 a kilo ya isa.

A nan dole mu faɗi magana mai ɗaci. Tsadar madara ta sa wasu suna rage ta su cike gurbin da sitaci. Ƙa'idar Codex ta madara mai tsami, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka kafa a 2003, ta ce yogot ya ƙunshi furotin ɗin madara aƙalla kashi 2.7 cikin ɗari. Madarar gari mai kyau tana da furotin wajen kashi 25 cikin ɗari, don haka ana buƙatar aƙalla giram 110 a kowane kilo. Wanda ya sa giram 60 ya ƙara sitaci ya sami kauri irin na gaske, amma furotin ɗinsa kashi 1.5 ne kacal. Uwar da ta saya wa ɗanta mai fama da rashin cin abinci ta ɗauka madara ta ba shi, alhali rabi kunu ne. In lissafi bai fita ba, a rage girman gora ko a kira kayan da sunansa na gaskiya. Ku kuma duba jikin buhun madarar, domin wadda aka cire mata man shanu aka sa man itatuwa furotin ɗinta yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Jelatin yana ba yogot ɗin cokali laushi da sheƙi da babu kamarsa, a giram 3 zuwa 5 a kilo. Ana jiƙa shi a ruwan sanyi ninki biyar na nauyinsa minti 10 zuwa 15 ya kumbura, sannan a zuba cikin madara kafin dahuwa. Sai dai yana narkewa a wajen digiri 30 zuwa 35, kuma kun san zafin bazara a ƙasarmu yana haura 40. Yogot ɗin da ya fito firiji a tsaye, in ya yi awa biyu a kular da ƙanƙararta ta narke, ruwa zai koma. Ɗanyar gwanda da ɗanyar abarba suna da sinadarin da ke yanka furotin, in aka sa su ba a dafa ba jelatin ba zai taɓa kamawa ba, madarar ma ta yi ɗaci.

Babbar maganar jelatin ita ce asalinsa. Daga fata da ƙashin dabba ake fitar da shi, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga fatar alade ne. Akwai na shanu, akwai na kifi, amma ba a gane su da ido ko hanci. Haka E471, zai iya zama daga man ja ko man soya, zai iya zama daga kitsen dabba. Masu sayen kayanku sun ba ku amana ne ba tare da sun tambaya ba. Jelatin ɗin da aka auno a leda ba buhu ba shaidar halal, bai kamata ya shiga tukunyarku ba ko da kyauta aka ba ku.

A askirim abokin gaba shi ne ɗauke wuta. Duk sanda firiza ta ɗan yi ɗumi, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara suna narkewa, in wuta ta dawo ruwan ya daskare a jikin manya, kullum suna ƙara girma har a ji garas-garas a haƙori. Guwar, E412, da ake nomawa a Indiya da Pakistan, da garin ƙwallon itacen karob, E410, suna rage gudun wannan ruwa. Jimillarsu giram 2 zuwa 3 a kilo. Guwar yana jiƙa ko a ruwan sanyi, amma karob sai an kai shi digiri 80 zuwa 85 yake sakin ƙarfinsa, wanda bai kai nan ba ya zubar da kuɗinsa. Su biyun ba su jituwa da kezin, sukan sa haɗin ya tsatso ruwa, shi ya sa ake ƙara ɗan karajinan, E407, na ciyawar teku, giram 0.2 kacal a kilo, wanda yake kama kezin ya riƙe shi in an dafa sama da digiri 70. E471 giram 2 zuwa 3 a kilo, ana zuba shi a digiri 65 zuwa 70 don ya narke. Bayan dahuwa a ajiye haɗin a digiri 4 aƙalla awa 4, ko ya kwana. A wannan hutu ne man yake daskarewa, E471 ya ture furotin daga fuskar ɗigoginsa, ta yadda in an buga za su ɗan manne da juna su riƙe iska. In kayan kauri suka yi yawa askirim yana danƙo a baki, kuma a faranti ya ƙi narkewa. Babu garin da zai ceci askirim ɗin da ya narke gaba ɗaya, irin wannan zubarwa ake yi, sake daskarar da shi kasada ce ga lafiyar mai sha.

Kunun aya yana da sitaci da mai duka, shi ya sa fari yake kwanciya a gindin gora, zoben mai ya taso a wuya. Bayan tacewa a bar shi awa ɗaya ko biyu a firiji sitacin ya kwanta, a tsiyaye, domin in an dafa da shi a ciki zai koma koko. Sannan a sa garin kaurin da ake kira zantan, E415, rabin giram zuwa giram 1 a lita, a cakuɗe da sukari ninki goma. Zantan yana jure tsami da gishiri da zafi, kuma yana da wani hali mai amfani: in kunu na ajiye yana riƙe ƙwayoyi su kasa nutsewa, in an girgiza ko an kurɓa sai ya saki. Wuce giram 2 a lita yana kawo yauƙin da ke kore mai saye. Lesitin giram 1 zuwa 2 a lita yana rage zoben mai. Amma ku sani kunun aya ba shi da tsamin da ke kare yogot, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinsa da sauri, kuma zantan ba ya kashe ko ɗaya. Illarsa ma ita ce kunun da ya fara lalacewa zai ci gaba da kyan gani. Dafawa a digiri 75 zuwa 80 na 'yan mintuna, sanyayawa da gaggawa, da tsabtar gora su ne kariya. Zoɓo kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya daga waɗannan garuruwa.

Za ku tambaya ko suna da illa. Kwamitin masana na FAO da WHO, wato JECFA, wanda yake aiki tun 1956, bai ƙayyade adadin yini ga guwar, zantan, fektin, CMC da ƙaro ba, amma da sharaɗin a sa mafi ƙarancin abin da zai yi aikin. Bincike bai tsaya ba. A 2015 masana a Jami'ar Jihar Jojiya ta Amurka sun nuna cewa CMC da E433, wani mai haɗa mai da ruwa, suna canza ƙwayoyin hanjin ɓeraye su kawo kumburi, kuma wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2022, inda aka ba mutane giram 15 na CMC kullum, ya ga canji a ƙwayoyin hanjinsu su ma. Giram 15 ya fi abin da ke cikin lita huɗu na yogot ɗin da aka auna daidai, amma mai zubawa da cokali bai san nawa yake bai wa mutane ba. Jarirai kuma daban ne: a 2011 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a daina bai wa bakwaini wani abin kauri mai zantan, bayan an ga mummunan ciwon hanji a cikinsu. Kada ku tallata kayanku a matsayin abincin jarirai.

Ko kayan manyan kamfanoni yakan gurɓace. A 2007 an gano gubar dayoksin a wani guwar da aka kai Turai daga Indiya, a 2021 kuma aka janye askirim mai yawa daga shagunan Turai saboda wani sinadarin feshi da aka samu a garin karob. Abin da ya sa aka iya bin sawun kayan a kwashe shi ne lambar rukuni da ke jikin kowane buhu. Ledar da ba rubutu, in ta zo da matsala, babu hanyar sanin inda ta fito ko wa da wa suka saya.

Akwai ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai da yake namu, wato ƙaro, E414, da ake tsaga daga dakwara da dushe a Sudan, Chadi, Nijar da jihohin Borno, Yobe da Jigawa. Ba shi da amfani wajen kauri, don ko an narka kashi 30 cikin ɗari ruwan yana gudu. Ƙarfinsa yana cikin ɗan furotin da ke jikin sarƙarsa, wanda yake kama ɗigon man ƙamshi irin na lemo ya hana shi tasowa, dalilin da ya sa kamfanonin lemon kwalba na duniya suke sayensa, kuma yana hana sukari yin tsakuwa a alewa. Ɗanyen ƙaro na kasuwa yana zuwa da yashi da ɓawo, sai an jiƙa shi ninki biyu ko uku na ruwa ya narke, an tace da ƙyalle mai laushi, an dafa a digiri 80, kafin ya shiga abin sha.

Abin da muke nema a gare ku ba ya fi ƙarfin kowa. Sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, ma'aunin zafi, da ma'aunin pH ko takardar gwada tsami, kuɗinsu bai kai asarar haɗi ɗaya ba. A bar awo da cokali, domin cokalin zantan da na sitaci nauyinsu ba ɗaya ba ne. Duk sabon buhu, ko sabon ruwa, musamman na rijiyar burtsatse mai gauri wanda kalsiyam ɗinsa ke rage ƙarfin CMC, a gwada a lita ɗaya tukuna: gora uku, awo uku, a ajiye a firiji kwana bakwai ana dubawa, a ɗauki mafi ƙarancin awon da bai tsatso ruwa ba, a rubuta a littafi tare da lambar buhun. In buhu mai kilo 25 ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu goma ku saya a rufe daga dillali mai takarda, ku raba a robobi masu murfi, kowacce a manna mata suna da lamba da ranar ƙarewa, a ajiye nesa da laima. A jikin gora kuma, kamar yadda dokokin NAFDAC suka tanada, a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, a ambaci aikin sinadari da sunansa ko lambarsa, a faɗi in lesitin ɗin na soya ne saboda masu borin jini da shi, jelatin kuma muna roƙo a rubuta na wace dabba ce. Muna ba da shawara a ƙara wannan bayani da Hausa, don yawancin masu sayen kayanku da ita suke karatu.

Wassalam.

Naku,
Wasu malamai da ma'aikatan kimiyyar abinci